Yadda Jami'armu Ta Koma Gidan Biki

Na zauna a ƙasashe da dama kafin in tare a Madina, kuma duk inda na zauna sai da na ga masu duba makaranta. A Kano na ga an ɗauko littattafai daga wata makaranta a bayan a-kori-kura, an jera su a kanta kafin baƙi su iso, suna juya baya aka mayar wa masu su. A Hartum an yi wa bango fenti da safen ranar, masu dubawar suka koma gida da rabinsa a jallabiyarsu. Ko'ina dai wurin na masu makaranta ne, kayan ne na aro. Sai a Madina na ga an juya abin: kayan duk namu ne, wurin muka aro.

Abin ya shafe ni ne ta wajen 'yar aminina. Mahaifinta mutumin Damagaram ne, mun yi zaman maƙwabtaka a unguwar Ƙurban har Allah Ya karɓi abinSa. A nan aka haife ta. Idan na yi mata Hausa tana jin komai, amma da Larabci take mayar mini, sai in ranta ya ɓaci ne Hausar ke fitowa. Tana aiki a sashen sayayya na wani kamfanin otal-otal. Shugabanta ya ce kujerar shugaban sashen tata ce, in ta kawo digiri na biyu a fannin kasuwanci kafin shekara ta ƙare, in ba ta kawo ba za a ɗauko wani daga Jidda.

Digirin na wata jami'a ce da ke wata jiha a Amurka. Suna koyar da shi a Madina ta hannun wata cibiya, a saman wani shagon katifa a Ƙurban. Wasu malaman a nan suke, wasu kuma ta allon bidiyo na bango suke magana daga can. Saura mata zangon ƙarshe sai ga saƙo: hukumar ilimi ta jihar ta ce duk karatun da jami'ar ke bayarwa a wajen jihar sai an zo an ga wurin, an ba shi lasisi. In ba a ba shi ba, digirin bai zama digiri ba, har ga waɗanda suka kusa gamawa.

Mudirin cibiyar, wato shugabanta, wani Basakkwace da ya zo karatu ya zauna, ya same ni bayan la'asar a masallacin Ƙuba.

"Baba, kai za ka yi mana tafinta."

"Kai da Turanci ke zuba daga bakinka?"

"Dokarsu ce. Tafinta ba zai zama ma'aikacinmu ba. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Mutumin da za su turo ba Musulmi ba ne."

A shekarun, wanda ba Musulmi ba iyakarsa alamar harami da ke bakin hanya, Ƙurban kuwa a ciki take. Mudir ya rubuta musu ya roƙi a turo Musulmi. Suka ce ba sa tambayar ma'aikatansu addininsu. Ya ce to a zagaya da shi ta waya, ya ga komai a hoto. Suka ce doka ta ce da ƙafarsa. Aka tsaya a nan: mutum ba zai shigo ba, kuma dole sai ya shigo.

Wani ɗalibi ne ya kawo maganar kawunsa, wani dattijo ɗan asalin Chadi mai istiraha can bayan dutsen Airu, waje da iyaka. Istiraha gida ne mai katanga da ake haya don biki ko suna ko hutun iyali, ɓangaren maza daban, na mata daban. Ya ce tunda mutum ba zai zo wa makaranta ba, a kai masa makarantar.

Na ce na yarda, da sharaɗin a gaya wa baƙon gaskiya. Mudir ya ce shi ma ba zai gina lasisi a kan ƙarya ba. Sai muka yi jigila. Kujeru, alluna, kwamfutoci, kantocin littattafai, har da hoton shugaban jami'ar da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Mai shagon katifa ya tsaya a ƙofa yana tambaya ko korarmu aka yi.

Na ɗauko baƙon daga masaukinsa kusa da filin jirgi. Dogo ne, ya manyanta, yana da jaka ɗaya da awon tela a aljihu. Tun a mota na warware masa komai: makarantar tana Ƙurban, wannan wurin aro ne, dalili kuwa ga shi. Ya saurara har na gama, ya gode mini ƙwarai.

Ya ce, "Ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Wanda ban gani ba, ba ni da gurbin da zan sa shi."

Na ɗauka ya fahimce ni. Shi ma ya ɗauka na fahimce shi.

Da muka isa ya fara da filin ajiye motoci. Ya auna shi, ya sake aunawa. A Ƙurban ɗalibai kan zagaya unguwa sau uku kafin su sami inda za su cusa mota, nan kuwa fili ne da aka yi domin dangin ango da na amarya. Ya shiga majalisin maza, wato babban falon baƙi, ya shiga na mata, ya rubuta manyan zauren lacca biyu. Ya ga fitilu masu walƙiya a rufi da dandamalin da amarya ke zama, wanda muka ɗora wa allo. Ya ce bai taɓa ganin an girmama malami haka ba. Ya ga kwamin wanka a tsakar gida ya rubuta wurin motsa jiki na ɗalibai.

Duk inda muka sa ƙafa mai istirahar na biye da mu, da sandarsa da carbinsa. Da muka zo garken tumakin da ke bayan kicin, baƙon ya tambayi na mene ne.

"Alhaji, gaya masa nasa ragon yana kan wuta tun hantsi," in ji dattijon.

Na fassara. Baƙon ya ce ya yi haƙuri, dokar aikinsa ta hana shi karɓar kyauta ko liyafa daga wurin da yake dubawa. Na mayar wa dattijon. Ya dube ni kamar ni na ƙirƙiro dokar.

"A gidana? Baƙo ya shigo ya fita bakinsa a bushe? To wallahi ku kwashe kujerunku yanzu."

"Haba Alhaji, a yi haƙuri," in ji mudir.

"Ba da kai nake ba, yaro. Alhaji, gaya masa: ko ya ci, ko jami'a ta tashi."

Na yi tafinta a taron ministoci, na yi a asibiti tsakanin likita da mai jinya, ban taɓa jin gumi ya keto mini kamar ranar ba. 'Yar aminina tana tsaye a ƙofar ɓangaren mata tare da sauran ɗalibai, tana kallona. Sai na tambayi baƙon ko cikin abin da yake dubawa akwai wurin cin abincin ɗalibai. Ya ce akwai. Na ce to wanda bai ɗanɗana ba, ta yaya zai san ingancinsa? Ya ɗan yi tunani, ya buɗe littafin dokarsa, ya rufe, ya cire takalmi.

Ya ci mandi, shinkafa da naman rago, har ya kwance maɓallin wuya. Ya sha gahawa, ya ci dabino, bai san ana girgiza finjali in an ƙoshi ba, aka yi ta zuba masa. Da yamma na mayar da shi. Ya ce a duk wuraren da ya duba a wajen jiharsu, bai ga kamar wannan ba.

Muka mayar da kayanmu Ƙurban muna murna. Bayan 'yan makonni lasisi ya iso, mudir ya kira ni. An ba mu lasisi da yabo. Amma an ba wurin da aka duba ne, da adireshinsa. Duk darasin da aka yi a wani wuri ba a lissafa shi. Mudir ya rubuta musu cewa ai mun yi bayani tun a mota. Suka amsa da ladabi cewa in muna son sauya wuri, ba matsala, za su turo mai dubawa ya ga sabon wurin da ƙafarsa.

A daren 'yar aminina ba ta zo ba, sai da safe ta shigo gidana, ko zama ba ta yi ba.

"Baffa, yanzu karatun nawa a gidan biki zan ƙarasa?" Da Hausa ta faɗa, na san abin ya kai mata.

"Da alama, 'yata."

"Wa zai riƙa kai ni bayan dutse? Direban da ke kai ni ya ce kuɗin Ƙurban daban, na can daban, kuma ba ya jira."

A lokacin mata ba su fara tuƙi ba. Haka na zama direbanta, muka sake jigilar kujeru, mai katifa ya daina tambaya. Tunda komowa gida ɓata mai ne, sai in zauna a bakin kwamin wanka da butar shayi ina jin lacca ta taga. Dattijon ma yakan jawo kujera. Rahoton ya ce akwai wurin cin abinci, don haka dole a ci gaba da dafawa, shi kuwa abin da yake so ke nan. Ɗalibai suka yi ƙiba a zangon.

Wata rana malami ya yi darasi kan yadda ake fito da sunan haja, dattijon ya sa na fassara masa daga farko har ƙarshe. Mako bai zagayo ba sai ga sabon allo a bakin ƙofa, an ƙara kalmar jami'a a gaban sunan istirahar. Mudir ya roƙe shi ya cire.

"Ƙarya na rubuta? Ba Baturen da kansa ya ce nan ce ba?"

Mudir ya ƙyale allon. Mutane kuwa suka yi ca. Kowa yana son a ce a jami'a aka yi walimar 'yarsa. Ranakun da a da ba mai haya duk suka cika, muka koma raba gida da masu biki: mu da rana, su bayan isha. Sau da yawa ana share allo, masu ado suna shigo da furanni.

Abu na ƙarshe da ya rage wa 'yar aminina shi ne ta kare binciken da ta rubuta a gaban malamai uku, ta allo, daga Amurka. Su suka sa rana da lokaci, daidai da safiyarsu, wato bayan la'asar ɗinmu. Dole a wurin mai lasisi, kuma in ta wuce sai zango mai zuwa, shekara ta ƙare ke nan. Muna isa muka tarar da motoci. Dattijon ya ba da gidan ga wata walima, ya manta da mu.

"Ban manta ba," in ji shi. "Na ɗauka za ku gama da wuri."

Majalisin maza an cika shi da faranti. Na mata an gama ƙawata shi, kuma tsofaffin dangin amarya, Hausawan Madina, waɗanda ba sa jiran lokaci, sun riga sun zauna a jikin bango da jikokinsu. Mudir ya duba ɗakin ajiya, ba intanet. Ya duba kicin, ba a jin maganar juna. Dandamalin amarya kaɗai ke da wayar intanet da allo.

'Yar aminina ta tsaya ta dubi ɗakin. Sai ta shiga tsakiyar tsofaffin, ta durƙusa ta gaishe su, ta yi musu bayani da Hausa, irin ta mahaifinta, ta Damagaram. Ta ce jarrabawa za ta yi, aikinta na rataye da ita, tana roƙon su ara mata shiru na ɗan lokaci.

Wata tsohuwa ta ce, "Ke 'yar wa ce?" Ta faɗa. "Allah Sarki, na san uwarki. Hau, 'yar nan. Duk wanda ya yi tari ni da shi."

Ni da mudir muka tsaya daga waje, jikin taga. Ta hau dandamali, furanni ta ko'ina, kujerar zinariya a bayanta. Malaman suka bayyana a allo. Ɗayansu ya ce ya karanta labarin wannan zaure a rahoto, amma bai zaci ya kai haka ba. Ta yi bayaninta kan yadda otal zai sayi kayan abinci a lokacin cunkoson baƙi ba tare da asara ba. Suka yi mata tambayoyi masu zafi. Duk wanda ya matsa mata, sai in ji tsohuwar nan ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce, "Wannan mai gilashin ba ya son ta da alheri."

Suka kashe murya suka yi shawara. Ɗakin ya yi tsit, har yaran. Da suka dawo, babbansu ya ce ta ci, ba gyara. Tsofaffin ba su ji Turancin ba, fuskarta suka duba. Sai guɗa ta tashi. Masu kicin suka ji, suka ɗauka amarya ta iso, suka fara fito da abinci.

Ta fito tana share ido, ta ce da ni da Larabci mu tafi kafin dangin ango su tare mana hanya. Ba mu samu fita ba. Dattijon ya sa an rufe ƙofa, ya ce ɗalibar jami'arsa ba ta fita da yunwa ranar da ta gama.

Takardar digirin ta iso saura kwanaki kaɗan shekara ta ƙare. Ta kai wa shugabanta, aka tura ta inda ake tantancewa, aka tabbatar wurin karatun yana da lasisi. Kujerar ta zama tata. A sabuwar shekara ta koma ofis mai taga, ta aiko mini da kwalin dabinon ajwa da sababbin tayoyi huɗu.