Ranar da Na Bar Yaya Cikin Iska

Shekarata sha biyar na shiga ƙungiyar masu tseren keke a Kafanchan, kuma gaskiya rigarsu ce ta ja ni. Keken da aka ba ni ya girmi babana. In na taka shi, karnukan Kagoro ma sai sun amsa.

Babbarmu a mata, wadda muke ce wa Yaya, ta kusa sha tara. Tseren bara shi ne damarta ta ƙarshe a rukunin matasa. In ta zo cikin ukun farko, za a ɗauke ta sansanin horo a Kaduna. In ba ta zo ba, shekaru sun kore ta. Shekara huɗu tana fita horo kafin ta je taya mamarta a shago.

Ana gobe tsere Koci, mai horar da mu, ya zaunar da ni.

"Ke mai baki, buɗe kunne. Kafanchan zuwa Zonkwa ne, a dawo. Aikinki ɗaya: ki zauna a gaban Yayarki ki tare mata iska. Na baya ba ya gajiya kamar na gaba. Ki kai ta hawan ƙarshe da ƙarfinta, daga nan ki faɗi a gona in kin ga dama."

"Koci, ni katanga ce?"

"Katanga ta fi ki, ba ta surutu."

Abin da Koci bai sani ba, Madakiya da hanyar ta ratsa garinmu ne. Kuma ranar Lahadi bayan sujada a majami'a na riga na shaida wa duk mai kunne cewa kaf jihar nan babu mai kama ni. Kakata ta yarda. Ta kuma faɗa wa matan zumunta na majami'ar.

Mun tashi lafiya. Ina gaba, Yaya na manne da tayata ta baya, har numfashinta ina ji. 'Yan mata huɗu na wata ƙungiya suna gabanmu kaɗan, yadda Koci yake so. Sai na hango zannuwa iri ɗaya jere a bakin titi. Na ji ganga, na ji guɗa. Ga Kaka a tsakiya ta cire ɗankwali tana kaɗawa.

Na ce a raina, yanzu a ta biyar zan wuce gaban tsohuwar nan?

Na miƙe kan feda. Na ji Yaya ta ce, "Ƙanwata, dawo!" Na ji ta sarai, ba zan yi ƙarya ba. Na wuce huɗun nan kamar an tsayar da su, na ratsa Madakiya ni kaɗai a gaba, har da ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a. Kaka ta yi tsallen da rabonta da shi tun tana budurwa.

Daɗin bai kai minti biyar ba. Ƙafafuna suka zama kunu. Kafin Zonkwa kowa ya wuce ni, har wani dattijo mai buhun citta a kekensa ya yi mini sannu. Yaya ta wuce ba ta dube ni ba. Huɗun can suna karɓa-karɓa a gaba, ita kuwa ta sha iskar dawowa ita kaɗai.

Ta zo ta biyar.

A bayan motar Koci na iso, ni da kekena. Na shirya wa zagi, har na so a mare ni. Yaya na zaune a gefen kwalbati, ta cire takalma. Ta miƙo mini gorar ruwanta.

"Kakarki ta gan ki?"

"Ta gan ni, Yaya."

"To, madalla."

Ba ta ƙara ba, har yau.

A Madakiya dai ni ce gwarzuwa, babu wanda ya tambayi yadda aka ƙare, ni ma ban faɗa ba. Yaya ta mayar wa Koci kekenta a satin, yanzu tana shagon mamarta kusa da tashar jirgin ƙasa. Kullum da safe 'yan ƙungiya suna bi ta ƙofar shagon, tana ɗaga musu hannu. Ni sai in zaga ta bayan kasuwa in tare su a gaba.