Inda Kawu Yake Ajiye Ƙafarsa

Ka taɓa shaƙar warin kuloci idan ya ƙone? Haɗa ƙonannen gashi da tsohon silifas da aka jefa a wuta, to ka kusa. Sau uku cikin wata biyar warin nan ya shigo garejin Sabulu, kuma duk daga mota ɗaya.

Sabulu bakanike ne. Shekara ashirin da biyu yana kwanciya ƙarƙashin motoci, amma har yau shi da datti ba sa ga maciji. An ƙirga masa, sau goma sha huɗu yake wanke hannu kafin la'asar, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa wannan suna. Sifanoninsa goma sha takwas suna jere a bango, kowace da ƙusarta. Tsummansa uku ne: na giris, na baƙin mai, na fuska. Ka kuskura ka haɗa su, ranar ba za ka ji da daɗi ba.

Motar ta wata likitar dabbobi ce, tsohuwar mota ce mai shiga daji, ta girmi ɗan Sabulu na fari da shekara shida. Direbanta kawun Sabulu ne, ƙanin mahaifiyarsa, kuma Sabulu ne ya samo masa aikin. Da Likita ta yi kukan cewa bayan motar yana zama ƙasa in an ɗora akwatunan allura da jarkokin ruwa, Sabulu ya ƙara ganyen sifirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota, biyu-biyu a kowane gefe, ya sa sabbin shokozoba huɗu. Mota ta miƙe tsaye kamar an yi mata albishir. Tun daga nan kuloci ya fara ƙonewa.

A karo na uku Likita ta tsaya bakin gareji, ta toshe hanci da mayafi.

"Oga, ko dai kai kake sa min tsohon kaya, ko Baba direba ne bai iya tuƙi ba. In ya sake ƙonewa, ɗayanku zan sallama."

Kawu ya gyara hula. "Ni? Shekara talatin na yi a kan babbar mota. Tun ɗan nan yana tsotson yatsa nake canja giya."

Kawu yana da shekara sittin da uku, da ciwon gwiwa, da baki bakwai a gida, ba mai sake ba shi mota in aka sallame shi. Sabulu kuma ya gwammace ya sha baƙin mai da a ce yana sa wa mutane tsohon kaya. Sai ya sa sabon farantin kuloci, ya ce gobe da shi za a tafi daji.

Bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Kujerar duk gashin awaki. A ƙarƙashinta akwai doguwar safar hannu da aka taɓa zura wa saniya, ta bushe ta ƙanƙame. Ƙuda tara ya ƙirga a jikin gilashi. Ya shimfiɗa tsumman fuskarsa ya zauna a ɗofane. A hanyar dawowa aka sa wani rago marar lafiya a baya, ragon ya leƙo ya yi masa atishawa a ƙeya, majina har cikin riga.

"Ya gaishe ka," in ji Kawu.

Sabulu ya kafa ido a ƙafar Kawu ta hagu. Jarkoki sun zama fanko, mota ta yi sakayau, kowane rami sai ta yi tsalle. Duk tsallen da ta yi, sai Kawu ya nemi abin dogarawa, ya ɗora ƙafa kan kuloci. Ba ya takawa duka, ɗan dannawa kawai yake yi. Sau sittin da ɗaya cikin kilomita goma sha ɗaya. Can sai ga warin ya fara tasowa.

"Kawu, ɗauke ƙafarka."

"Ai tana ƙasa."

"Tana kan kuloci."

Kawu ya leƙa. "Au. To ina kake so in kai ta? Tunda ka mayar da motar nan jaki gwiwata ba ta huta ba."

Wannan ta fi majinar ragon damun Sabulu. Ashe aikinsa ne. Ya gyara mota don kaya, ya manta fanko take dawowa, da tsoho a ciki.

Da suka iso bai ko wanke hannu ba. Ya cire ganye ɗaya a kowane gefe. Ya yi wa wani ɗan ƙarfe mai faɗin yatsa huɗu walda a hagun kuloci, ya lulluɓe shi da robar taya, ya ce, "Ga gidan ƙafarka, Kawu." Sannan ya faɗa wa Likita komai, bai rage nasa ba.

"To wa zan sallama?"

"Ki ba mu wata uku. In ya ƙone, ni ne."

Yau wata tara, kuloci bai ko yi tari ba. Kawu yana gaya wa direbobi shi ya kawo dabarar. Sabulu kuwa sabulu guda ya ƙarar ranar, ya ƙone tsumman, bai sake shiga motar ba.

In kana jan tsohuwar mota, gobe ka hau hanya mai gargada ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta hagu take taɓa kuloci ba don canja giya ba. In ta haura biyar, nema mata wurin zama. Don Allah ka gwada, kafin hancinka ya gaya maka.