Kananzir a Robar Zoɓo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ban leƙo nan ba, har wasu sun kira suna tambaya ko na daina sayar da zoɓo ne. Ban daina ba, jinyar ɗana Haidar na yi.

Wanda ya san Haidar ya san ba ya zama. Shekararsa ɗaya da wata uku, amma ya taɓa cin sabulu, ya taɓa jefa wayar babansa a randa. Mu dai dariya muke yi.

Wata Laraba da hantsi ina ɗura zoɓo a robobi. Kananzir ɗin da nake hura gawayi da shi ma a irin robar yake, don a ciki mai shago ke zubo mana. Na ajiye a gindin murhu, ban ɗaure murfin sosai ba. Haidar kuwa a saninsa duk abin da ke cikin roba zaƙi ne, kuma ni na saba masa.

Tari na ji. Ina juyowa na gan shi riƙe da robar, rigarsa jiƙe.

Na ƙwala ihu, matan gida suka fito. Inna, surukata, ta ce a kawo manja maza. Haka muka taso muka ga ana yi a Badafi, yaro ya sha mugun abu a ɗura masa manja ya amayar. Ni na danne shi na ɗura, na sa masa yatsa a maƙogwaro. Ya yi amai, muka yi hamdala, wai ya fita.

Kafin la'asar jikinsa ya ɗau zafi, numfashi sama-sama, ko nono ya ƙi kamawa. Babansa ya baro gona ya kai mu asibitin kusa da mu, su kuma suka tura mu Kano.

Likitar ta tambaya ko mun sa shi amai. Da sauri na ce eh, har ina jiran a yaba mini.

Ta ce, "Maman Haidar, da kun bar shi da ya fi sauƙi. Aman ne ya kai kananzir ɗin huhunsa."

Wallahi ban taɓa jin tsoro da kunya irin na ranar ba.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa masa iska a hanci, ga ƙarin ruwa, ga allurai. Tunkiyar da muke kiwo saboda layya a magani ta tafi. Ni dai ƙirjinsa nake kallo, in ya ɗaga in ce Allah ya ƙara.

Rana ta uku Inna ta zo, ta daɗe tsaye a kansa. Can ta ce, "Aisha, ki yafe mini. 'Ya'ya bakwai na raina, abin da na sani ke nan." Na ce ba laifinta ba ne, duk abin da muka sani ke nan. Muka yi kukanmu tare.

Rana ta shida zazzaɓi ya sauka. Nas na duba shi ya fizge biron aljihunta ya kai baki. Ta ce wannan ai ya warke, mu fara haɗa kaya. Duk da haka sai da muka cika kwana tara.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da duk wanda ya yi addu'a.

Da muka dawo, durƙusawa na yi na zagaye gidan da rarrafe, don in ga abin da yaro ke gani. Na tarar da maganin feshi a ƙarƙashin gado, maganin ɓera a bayan buhun masara, bokiti cike da ruwa a buɗe. Yanzu magungunan duk sun koma rumbu, an sa kwaɗo, bokitin kuma a rufe yake. Iyaye, ku ma ku gwada. Kada ku zuba kananzir a robar abin sha.

In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya sha, ban da manja, ban da madara, ban da sa amai. Ku cire masa rigar, ku nufi asibiti.

Na faɗa ne ba don daɗi ba. Da hannuna na kusa rasa ɗana, kuma a lokacin gani nake ceton sa nake yi.