Farin Layin Mai Katifa

Mai Katifa bai taɓa karɓar buhun auduga ba sai ya zura hannu har gwiwa ya laluba. Tun yana saurayi aka taɓa cusa masa tsumma a gindin buhu, daga ranar ya daina yarda da kowa. Ko matarsa ta ce ruwan wanka ya yi zafi, sai ya tsoma yatsa.

A shagonsa na ɗinkin katifa ya tsufa, yana bugun auduga da sanda, ƙura na tashi ta cika masa gira da gemu. Ƙyallen rufe hanci kuwa, cewa yake na ragwaye ne. Da tari ya kama shi, ya ce mura ce. Da ya fara tsayawa hutu tsakanin gida da shago, ya ce takalmin ne ya matse shi. Likita ya ce huhunsa ya yi tabo, shi kuwa ya kalli babban ɗansa da ya kawo shi asibiti, ya ce a ransa: an haɗa baki. Ai yaron ya daɗe yana cewa ya bar masa shagon ya huta.

Aka tura su ɗakin hoto. Yana ganin na'urar ya ja tunga.

"Wannan ba ita ake duba masu ciki da ita ba?"

"Ita ce, Baba," in ji ma'aikaciyar tana dariya. "Naman da ke ƙarƙashin huhu za mu duba, shi ke jan numfashi."

Ta shafa masa wani abu mai sanyi a ƙasan haƙarƙari, ta ɗora kan na'urar. Wani farin layi ya fito a allon, yana ɗan motsi kamar mai jin kasala.

"Kin tabbata nawa ne, 'yata? Ba na wani kuka ajiye ba?"

"Haba Baba!" in ji ɗan.

"Kai, rufe mini baki."

Bai gaya wa kowa ba, ya riƙe numfashinsa, idonsa a kan allon. Layin ya tsaya cak. Ya saki, layin ya motsa. Ya sake riƙewa, ya sake tsayawa. Sai ya tabbata nasa ne.

"To yanzu ja sosai, Baba, iya ƙarfinka."

Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, tari ya sarƙe shi. Layin bai sauka ya kai faɗin yatsa ba.

"Ɗora wa wancan," ya ce yana haki, yana nuna ɗansa. "In gani."

Ma'aikaciyar ta ga tsohon ba zai tashi ba, ta ɗora wa ɗan. Ɗan ya ja numfashi sau ɗaya, layinsa ya sulale ƙasa, ya dawo a hankali abinsa. Mai Katifa ya daɗe yana kallo. Tsoro ya kama shi, kuma ba don kansa ba: yaron nan ma da ke taya shi a shago, yanzu gira a cike da auduga yake komowa gida.

A bakin ƙofa ya ciro makullin shago ya riƙe, bai miƙa ba.

"Ka sayi ƙyallen hanci tukuna. Ka kawo mini in duba kaurinsa da hannuna, sannan in ba ka."