Ranar da Kaka Ta Hana Mu Barin Yerwa

Har yau in na ji shuuu ɗin rediyo ana laluben tasha, sai in tuna wani zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ina yarinya a gidanmu na Yerwa.

Lokacin gidan cike yake maƙil da 'yan uwa da suka gudo daga garin Konduga saboda hare-haren 'yan bindiga, har zaure an shimfiɗa tabarmi. Kullum bayan la'asar Baba zai fito da rediyonsa gindin darbejiya, manya su kewaye shi. Can sai ka ji an ce shugaban wata ƙasa mai nisa yana tsoron zaɓen nan zai jawo yaƙi, wani kuma ya umarci mutanensa su tattara su fice daga ƙasarmu. Wallahi mamaki ne yake kama ni. Mutumin da ke bayan teku, mai jiragen yaƙi, ya san sunan garinmu! Ni a zatona yana hango mu ne daga sama, har da awakinmu.

Baba ya ɗauki maganar da gaske. Ya shirya da wani direba zai kwashe mu zuwa Kano kafin ranar zaɓe, mu 'yan gida kawai, don motar ba za ta ɗauki kowa ba. Ya je ya durƙusa gaban Kaka, mahaifiyarsa, ya gaya mata.

Tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Su waɗannan manyan, mutanensu suke kira gida, ko?"

"Haka ne, Iya."

"To sun kyauta. Mu nan ne gidan da aka gudo. A ina ka taɓa jin mai masauki ya sulale ya bar baƙo da tukunya a wuta?"

Baba, wanda tsawarsa ɗaya ke watsa mu, ya tashi sumui-sumui ya je ya sallami direba. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba, don na ƙwallafa rai a kan ganin Kano. Ranar zaɓe ta yafa lafayarta mai ruwan goro, ta tasa matan Konduga a gaba suka tafi layi cikin rana, muna jiyo ƙarar bindiga daga bayan gari.

Yanzu a waya muke jin abin da shugabannin duniya ke faɗa a kanmu, kowa shi kaɗai, ba mai ganin fuskar wani balle ya ari ƙarfin zuciya. Na girma ina cewa Kaka ba ta san tsoro ba. Sai bayan rasuwarta Umma ta gaya mini cewa a makon da ta hana mu tafiya, ta aike ta kasuwa a ɓoye ta yanko mata likkafani.