Mai Ba da Bayani na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Baba Jan Biro ya yi yana gyaran kurakurai a gidan jarida, kuma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita a shafi ba. Teburinsa na bakin ƙofar ɗakin injin bugu, inda ƙara ta cinye masa kunnen hagu. Ɗan rahoto ya kawo shirme, shi ya wanke shi tas, washegari a yaba wa ɗan rahoto. In kuwa harafi ɗaya ya kuɓuce, nan da nan edita zai tuna inda teburin yake.

Na san shi ne lokacin da nake binciken digirina na biyu, a kan yadda ake tace labari kafin zuwan kwamfuta. Editoci uku suka yi ta yawo da hankalina, kullum a dawo gobe. Shi kuwa tsohon nan, da ya riga ya yi ritaya, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da shafukan gwaji da ya adana. Wata biyu ina zarya gidansa. Ya koya min alamomin gyara, har da wata 'yar ƙarama mai kama da jinkar ɗaki, wadda ke nufin an tsallake wani abu a nan.

Ranar hira ta ƙarshe ya ce, "'Yata, ba na son komai. Sunana kawai ki sa a littafin, jikokina su san ba shara nake yi a can ba."

Na ce, "Haba Baba, ai wannan an gama."

Ƙa'idar sashenmu ita ce a sakaya sunan duk wanda aka yi hira da shi, sai in ya sa hannu a takardar amincewa. Takardar nan sati uku ta yi a jakata. Gidansa sai an hau mota biyu, ranar miƙa aiki ta matso, na yi ta cewa gobe har goben ta ƙare. Babi guda cur maganarsa ce, amma a ciki ya zama "Mai ba da bayani na huɗu". A shafin godiya na gode wa malamina da mijina, har da mai ɗinke littafi. Shi na manta shi, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Da na kai masa kwafinsa, ya goge tabarau ya ce in dawo bayan sati. Na koma bayan na shirya uzuri kala-kala. Bai ba ni damar faɗar ko ɗaya ba.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata," ya ce yana dariya. "Kuskure arba'in da bakwai kacal. Na ga editan da ya fi ki yawan kuskure a shafi guda."

A mota na buɗe littafin. Kowane kuskure ya zagaye shi da ja, ya rubuta gyaransa a gefe, kamar yadda ya saba. A shafin godiya, tsakanin malamina da mai ɗinke littafi, ya sa 'yar alamar nan mai kama da jinka. Na duba gefen shafin don in ga gyaran. Bai rubuta komai ba.