Bokitin da ke cikin gajimare

Shagon hotona yana Tudun Fulani, jikin na wata mata 'yar Kudancin Kaduna mai buga takardu da kwamfuta. Shekarar da aka fara aikin dam ɗin Zungeru kwamfutata ta ƙone da hotunan mutane a ciki, sai matar ta kama mini wurin ajiya a intanet, wanda ta kira gajimare.

Ta ce ajiyar iri biyu ce. Akwai faifai, yana manne da inji guda, a kansa zan riƙa aiki, in goge in gyara. Akwai kuma bokiti: abin da ka jefa ciki haka zai zauna ɗungurungum da sunansa, ba a buɗe shi a taɓa wani gefe, sai dai ka jefa sabo. Ta saita yadda duk hoton da na sauke daga kyamara zai fara faɗawa bokitin.

Karatuna bai yi nisa ba, amma tambaya ba ta ƙare mini. Bokiti dai a ƙarƙashin gajimare ake tara shi, yaya wannan ya hau sama? Yana cika? Yana yoyo? Ta ce ba ya cika, kaina ne ke yoyo. Ni kuwa na raina bokitin a zuciyata. Mene ne amfanin wurin da ba a gyara komai?

Gyara shi ne taƙamata, Allah Ya yafe mini. Baƙi sai na haska shi, mai tabo na share masa, kowa na ɗora shi gaban furanni ko dogon bene, ban tambayi ra'ayinsa ba.

Wani dattijo manomi ya ɗauke ni a babur har ƙauyensu bayan Zungeru, ya tsaya ƙofar gida na ɗauke shi hoto. Da na dawo na ga bayan hoton duk tarkace: rumbun laka, tsohuwar tsamiya, turmi a kife. Na kwashe su tas, na sa masa furanni, na adana a kan na asalin a faifai. Katin kyamara kuwa tuni na share shi na cika da hotunan biki.

Ranar da ya zo karɓa, an riga an tashe su daga ƙauyen saboda ruwan dam. Ya daɗe yana duban hoton.

"Ɗana, ni ai na san fuskata. Ina tsamiyar? A gindinta babana yake kwance."

Na duba faifai, babu na asalin. Na leƙa wurin maƙwabciyata, na ce Madam, na yi ɓarna. Ba ta ko miƙe ba. Ta buɗe bokitin, muka jira layin intanet yana jan ƙafa, hoton ya riƙa saukowa daga sama: rassan tsamiya tukuna, sai hular dattijon, sai rumbu, har turmin. Abin da hannuna bai iya kaiwa gare shi ba, shi ya tsira.

Na wanke masa shi yadda yake. Ya bi komai da yatsa, sannan ya tambayi inda aka ɓoye. Madam ta nuna sama, ta ce cikin bokiti.

"Ruwan dam zai kai can?"

Ta ce ba zai kai ba.

"To ku bar mini ɗaya a ciki. Kai kuma kada ka taɓa."

Ban taɓa ba.